Ihun da Na Mayar Abin Dariya

Jama'a, yau don Allah kada wanda ya danna min alamar dariya. Na san kun saba in zo muku da shirmena ku yi ta ƙyaƙyatawa, to yau ba haka ba ne. Tun jiya da la'asar nake son yi muku wannan rubutun, sau uku ina farawa ina gogewa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, bari in taƙaita muku. Shekaruna ashirin da takwas, ni ce babba a ɗakinmu, kuma ina aiki a wani kanti da muke sayar da labule, kafet, zannuwan gado da matasan kai. Shekara shida ke nan ina wannan aikin, har ta kai in na shafa yadi ido a rufe zan faɗa miki ko zai jure wanki uku bai koɗe ba. A gida kuwa Mama da Goggo, yayar marigayi Babanmu, sun sa ni gaba da maganar aure safe da yamma. In na yi tari, rashin aure ne. In na ƙona girki, rashin aure ne. Ana cikin haka na'urar sanyaya kantinmu ta lalace, aka kira mai gyara, ya zo da jakar kayan aikinsa da wata 'yar wushirya. Na ajiye lambarsa da sunan Mai Firji, shi kuma yake ce min Mai Labule. Watanmu bakwai ke nan, kuma ƙarshen watan nan manyansa za su zo gidanmu. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba. Ina son sa har ina jin haushin kaina.

To amma akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba, shi ma ban faɗa masa ba, Mama ma ba ta sani ba. Ina da wani shafi daban. A can nake kallon tsofaffin finafinan ban tsoro, musamman irin waɗanda mutum ke rikiɗa ya koma kyarkeci in wata ya cika, sai in faɗa wa mutane ko har yanzu fim ɗin na iya tsorata ɗan Adam ko ya tsufa ya zama abin tausayi. Tun ina ƙarama Babanmu ya koya min son su, ina ƙanƙame da hannun rigarsa ina leƙe ta tsakanin yatsu. Fuskata ba ta fitowa a shafin. Talabijin kawai nake ɗauka da hannuna riƙe da rimot, muryata kuma akwai manhajar da ke mayar da ita siririya kamar ta 'yar tsana. A ƙarshe in ba da sakamako, ihu nawa na yi, dariya nawa na yi.

Kuma wallahi na iya abin nan. Ni ce na ce kyarkecin da aka zana da kwamfuta shekara biyar yake yi ya lalace, ka dawo ka kalle shi ka ga kamar karen maƙwabta da aka yi wa wanka da man wanke gashi. Wanda aka zauna aka liƙa wa mutum gashi ɗaya bayan ɗaya kuwa, ko bayan shekara arba'in in ya juyo sai cikinka ya kaɗa, don ka san akwai mutum a ciki yana gumi. Na sha faɗa musu cewa haƙora ba sa daɗewa suna ba da tsoro, abin da ke daɗewa shi ne fuskar mutumin da safe, in ya farka bai san wa ya cuta ba. Mutane suna yaba min, ni kuma kaina na ƙara girma.

Sati uku da suka wuce, wani dattijo mai sayar da tsofaffin faifai a bayan kantinmu ya tura min wani fim a waya. Ya ce a cikin tarkacen kaset ya tsinto shi, farkonsa ya cinye, ba suna ba komai, amma da harshenmu aka yi shi. Na je gida na haɗa da talabijin, na jingina wayar ɗauka da gwangwanin madara, na kunna.

Wayyo Allah cikina! Minti arba'in ne, amma sau biyu ina faɗowa daga kan gado. Labarin wani mutum ne da wata dabba ta cije shi a hanyar daji, duk daren da wata ya cika sai matarsa ta kulle shi a sito. Da ya rikiɗa ya fito, ni da nake sayar da kafet na gane kayana nan take. Kafet ɗin ƙofar banɗaki ne, ruwan ƙasa mai dogon gashi, an yanka an ɗinka masa a kafaɗa, har da tambarin kamfani yana leƙowa a bayan wuya. Haƙoran da robar farar jarka aka yanke su. Watan kuwa fitila ce aka kunna a bayan zanin gado, ko guga ba a yi masa ba, ana ganin layin ninki ya ratsa sararin samaniya. Matar kuma ga ciki a gaba, ya ɗan karkace gefe guda. Na tsayar da hoton, na kai yatsana kan gilashin, na ce wa masu kallo, "Ku yarda da ni, sana'ata ce. Wannan filo ne, kuma mai arha, audugarsa ta taru waje ɗaya." Da dodon kafet ya ɓalle ƙofa, matar ta dafe cikin ta ƙwalla ihu, wani dogon ihu da ya karye a ƙarshe ya koma kamar kukan ƙofa. Na fashe da dariya na ce, "Baiwar Allah, cire filon ki gudu!"

Daƙiƙa ashirin na yanko na saka. Ihunta, dariyata, da wannan maganar. Sakamako kuma na rubuta ihu sifili, dariya goma sha tara.

Ƙarya na yi a sakamakon. Akwai wani wuri a tsakiyar fim ɗin da ban yi dariya ba ko kaɗan, zan zo kansa. Na goge shi don ya ɓata min tsarin raha.

Kafin sati ya zagayo abin ya fi ƙarfina. Na shiga tasi, direba na kunna shi yana dukan sitiyari. 'Yan matan kantinmu in manaja ya shigo sai ɗaya ta raɗa wa ɗaya, "Cire filon ki gudu." Mutane suka dinga ɗora sautin a kan bidiyonsu, mai gudun kare, mai gudun uwar miji, mai gudun ruwan sama. Har Mama na tarar a kicin tana share hawayen dariya da bakin ɗankwali, ta miƙo min waya ta ce, "Ke zo ki ga wata 'yar banza, wallahi yarinyar nan ba ta da mutunci." Na karɓa na taya ta dariya, a raina ina cewa 'yarki ce, Mama, 'yarki ta yi suna.

A daidai wannan lokacin ne Mai Firji ya fara canza min. Mutumin da ke turo min saƙo tun kafin in buɗe kanti, har da hoton injin da yake kwancewa kamar na san kansa, sai ya koma amsa ɗaya ɗaya.

Na rubuta masa, "Mai Firji, yau sanyin ya yi yawa fa, ko ka manta ka kashe?"

Bayan awa biyu ya amsa, "Ina aiki ne."

"Na yi maka laifi?"

"A'a. Ke ce ma kaɗai abin da ke min daɗi a satin nan."

"To me ya faru?"

"Abba ba lafiya. Jininsa ya hau, ya faɗi a ƙofar gida. Da sauƙi yanzu."

Ban taɓa ganin Abbansa ba. Na dai san tsohon mai ɗaukar hoto ne, kuma su biyu kaɗai ne a gidan, don Ummansa ta rasu tun yana jariri, Abban bai sake aure ba. Da na faɗa wa Mama, ta ajiye ludayi ta dube ni sama da ƙasa.

"Uban mijinki na kwance kina nan kina latsa waya? Gobe ki nemi izini a wajen aiki, Goggonki ta raka ki dubiya. Kuma ki saka kayan mutunci, ban da wannan takalmin mai ƙara kamar doki. Wannan karon in kika bari ya kuɓuce miki, ni da ke ne a gidan nan."

Jiya ke nan. Na saka doguwar rigata ruwan toka mai ɗinki a wuya, na yafa farin mayafi, turare kaɗan, hoda kaɗan, janbaki ma goge shi na yi a bakin ƙofa da Goggo ta harare ni. Muka sayi ayaba da kankana da lemo, muka hau tasi. Duk hanya Goggo na karanta min darasi, kada ki zauna kafin a ce ki zauna, kada ki cika surutu, kada ki yi wannan dariyar taki mai kama da injin niƙa.

Gidan ƙarami ne, tsaf da shi. Abu ɗaya na lura da shi a waje, wani tsohon kafet ɗin ƙofa a yashe cikin kwandon shara, da igiya a ɗaure a jikinsa, amma ban kawo komai a raina ba. Mai Firji ya tare mu cikin farar riga, idonsa ya faɗa. Falon akwai kujeru uku masu hannun katako, labulen kuma irin na da ne, mai nauyi, wanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. A cikin wani kabad mai gilashi an jera tsofaffin kyamarori guda shida, kowace da murfinta. Ƙarƙashin talabijin ga na'urar kaset an lulluɓe ta da wani ƙyalle mai saƙar hannu. Abba na kishingiɗe a doguwar kujera, siriri, gemunsa fari tas, da murmushi irin na ɗansa.

Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi, 'yata, tashi. Ashe ke ce Mai Labulen da aka hana mu sakat da labarinta." Na sunkuyar da kai, kunya kamar in nutse. Mai Firji ya kawo shayi a kofunan gilashi da biskit a faranti. Aka taɓa hira, Goggo ta tambayi jiki, ta ba da labarin hawan jininta da irin maganin da ya karɓe ta. Komai na tafiya daidai, har na fara jin numfashina na sauka.

Sai Goggo ta buɗe jaka. Kun san Goggo, ba ta iya ganin ɗaki ya yi shiru.

"Malam, ai ciwon nan damuwa ce ke kawo shi. Bari in nuna maka wani abu, wallahi ko kana kan gadon asibiti sai ka yi dariya."

Kafin in ɗago, ihun ya cika falon. Ihun, sannan siririyar dariyar 'yar tsana, sannan "Baiwar Allah, cire filon ki gudu!" Goggo ta tuntsire har mayafinta na zamewa.

Ita kaɗai ke dariya. Mai Firji ya miƙe tsaye da sauri har gwiwarsa ta bugi teburi, shayi ya zube a kan faranti.

"Goggo, don girman Allah kashe shi."

"Af! Ka taɓa gani ne? Ai matar nan da filonta..."

"Ba filo ba ne, Goggo." Ya nuna ƙirjinsa. "Ni ne."

Jama'a, ban gane ba. Wallahi da farko ban gane ba. Na dube shi, na dubi Goggo da bakinta a buɗe, sai idona ya sauka a kan wani hoto da ke saman kabad ɗin kyamarori, wanda tun shigowata ban ɗaga kai na kalla ba. Wata matashiya ce da ɗankwali mai fure, tana murmushi, da wushirya. Na san fuskar nan. Na tsayar da ita a talabijin ɗina, na dangwala mata yatsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye kofin da ke hannuna a ƙasa.

Abba ne ya yi magana, a hankali, kamar mai ba da labarin wani. "Zauna, ɗana. Hajiya ba ta sani ba, ba laifinta ba ne." Ya juyo wajen Goggo. "Hajiya, ni ne dodon. Ni na rubuta, ni na ɗauka, in na shiga gaban kyamara abokina ya riƙe min. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Muna yara, mun ga na ƙasashen waje, muka ce mu ma za mu iya. Ita ta ɗinka min kayan da hannunta, da kafet ɗin ɗakinta na aure. Tana da cikin wata takwas, na ce ta bari sai ta haihu, ta ce ina, ai cikin ne zai sa a tausaya wa matar. Mun gama da sati uku ta haifi wannan. Kwana goma sha ɗaya ta yi bayan haihuwar."

Goggo ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Malam, ka yafe min, wallahi tallahi..."

"Ba komai. Fim ɗin ai bai yi kasuwa ba, kofi kaɗan muka buga. Na ɗauka duk sun ruɓe."

"Hotunanta muna da su da yawa," in ji Mai Firji, yana kallon ƙasa. "Amma muryarta a nan kaɗai take. Ban taɓa jin Umma ta yi magana ba sai a kaset ɗin nan. Duk shekara ranar da aka haife ni muke kunnawa ni da Abba. Yanzu ina kwance a ƙarƙashin firjin mutane ina gyara, sai in ji ihun uwata daga wayar mai gida, ana ta dariya. Wani tsohon maƙwabci ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa ya san dodon, har ya faɗi layinmu. Yara suka dinga bin Abba suna haushi. Ran Talata aka rataya mana kafet a ƙofa, shi ya fito ya gani ya faɗi." Ya ɗago, idonsa ja wur. "Na tura wa mai shafin saƙo sau huɗu, ko buɗewa ba ta yi ba. Ban san ta ba, amma ban taɓa tsanar mutum kamar ta ba."

Saƙonni sun fi dubu a akwatin shafin, na daina buɗewa tun sati na farko. Ina zaune a kan kafet ɗin gidansu, wayar na cikin jakata a kan cinyata, na ji ta yi min nauyi kamar dutsen guga.

Ba wanda ya san ni ce. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi damuna. Ba wanda ya kalle ni. Da na yi shiru, da na koma gida na goge shafin, da ƙarshen wata manyansa sun zo, da shi ke nan. Na yi wannan lissafin a zaune a wurin, ba zan yi muku ƙarya ba, har na yanke shawarar yin shirun.

Sai Abba ya ce, "Hajiya, tunda kin ga wurin dariyar, ba zan bari ki tafi da shi kaɗai ba. Ɗana, saka mana. Kai mu wurin ƙofa."

Mai Firji ya ɗage ƙyallen, ya ciro kaset daga wata jakar fata, ya hura shi, ya tura. Hoton ya yi rawa ya daidaita. Wurin da na goge ne.

Magariba ta kusa a fim ɗin. Mijin bai rikiɗa ba tukuna, saurayi ne siriri da sumar kai, ya shiga sito da ƙafarsa, ya miƙo wa matar makulli ya ce, "Ko na kira sunanki, ko na yi kuka, kada ki buɗe." Ta kulle. Ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da ƙofar, ta miƙe ƙafafu irin zaman mai tsohon ciki. Ba kiɗa, ba kafet, ba haƙoran roba. Daga ciki sai muryarsa, yana roƙonta ta buɗe, ƙishirwa yake ji, ya warke, wallahi ya warke. Muryar na kauri a hankali. Ƙofar na motsi a bayanta. Ita kuma ta ɗora hannu a kan cikin tana shafawa, tana magana ƙasa ƙasa, "Kada ka ji tsoro, Babanka ne. Ba shi da lafiya ne kawai. Da safe zai dawo mana."

"Wannan maganar ba ni na rubuta ba," in ji Abba. "Motsi ya yi mata a ciki, ta yi masa magana."

Goggo, wadda ta shigo da dariya, ta ƙanƙame hannun kujera, ta ja ƙafafunta sama kamar wani abu zai fito daga ƙarƙashi. Tsigar jikina ta tashi kamar ranar farko. Mai Firji na tsaye jikin talabijin, leɓɓansa na bin maganar Ummansa kalma bayan kalma. Ni kuwa kuka ya ƙwace min, ba irin na hawaye a ɓoye ba, kuka mai sauti, har da shessheƙa.

Abba ya sa aka tsayar. Ya dube ni, ya yi murmushi ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina son in san ko wurin nan na taɓa wanda ba namu ba. Yau na sani. Ɗana, ka iya zaɓe. Wannan tana da zuciya. In Allah ya kai mu, kaset ɗin nan a ɗakinta za a ajiye shi."

Wannan ce ta karya ni. Da zagina ya yi da na iya daurewa.

"Abba, ni ce."

Goggo ta ce, "Ke ce me?"

"Shafin nawa ne. Muryar tawa ce na canza ta. Ni na ce filo ne."

Goggo ta kai hannu ta mintsine ni a cinya da duk ƙarfinta, ta ce da murmushin dole, "Ruɗewa ta yi, Malam, yarinyar nan in ta yi kuka ba ta san me take faɗa ba." Na zaro wayar, na buɗe shafin ta ciki inda mai shi kaɗai ke shiga, na ajiye a kan teburi kusa da shayin da ya zube. Mai Firji ya ɗauka. Na ga yatsansa ya gangara, ya tsaya. Saƙonninsa huɗu ya gani, ba a buɗe ba.

Bai yi ihu ba. Na so ya yi. Ya ajiye wayar a hankali kamar kayan gyaran wani, ya ce, "Duka fim ɗin kika kalla?"

"Duka."

"Har wurin ƙofar?"

"Har shi."

"Kin yi dariya a wurin?"

"A'a. Kuka na yi, kamar yau."

"To me ya sa ba ki saka shi ba?"

Na nemi ƙarya na rasa. Na ce, "Dariya ta fi kawo 'yan kallo."

Ya gyaɗa kai sau biyu, ya juya ya cire kaset ɗin, ya mayar da shi jakarsa, ya ja zif. Abba ya rufe ido ya ce, "Kafet ne, 'yata, ba ki yi ƙarya ba a nan. Watan ma zanin gado ne. Ni kaina da na gan shi a wayar mutane sai da na murmusa. Abin da kika yi min na yafe. Nata kuma ba ni ke da shi ba."

Mai Firji ya raka mu bakin titi, ya tsayar mana da tasi, ya buɗe wa Goggo ƙofa, ya ce ta gaida Mama. Ni ko kallona bai yi ba. A mota Goggo ta fara tun kafin direba ya saka giya. "Ke wace irin mahaukaciya ce? Wa ya tambaye ki? Mutum ya ce kina da zuciya, ya ba ki kaset, sai ki ce na gode ki rufe baki! Shekara nawa muna jira?" Da muka isa gida ta zayyana wa Mama komai tun daga tsakar gida. Mama ta zauna daɓas a kan kujerar roba, ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ce, "Ke ce 'yar banzar? A ɗakin nan kika yi? Ni ma kika bar ni ina dariya?" Daga nan ba ta sake min magana ba.

Na goge bidiyon tun a cikin tasi. Amfanin me? Sautin na wayar kowa. Yau da safe ina hanyar kanti na ji shi sau biyu, a shagon mai aski da wajen masu jiran mota.

Na tura wa Mai Firji saƙo bakwai, gajeru da dogaye. Na ce zan fito da fuskata da muryata ta gaskiya in ba da haƙuri, zan saka wurin ƙofar in Abba ya yarda, zan rufe shafin, duk abin da ya ce. Duk ya buɗe, bai amsa ba. Ƙarfe goma, ina kan tsani ina rataya wa wata mata labule ta gani, wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na sauko ban san na sauko ba, na bar matar da labule a hannu.

Ya rubuta, "Abba ya ce in faɗa miki ya ci ayabar, kuma kada ki yi ta kuka."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na tsaya a bayan tulin matasan kai ina kallonta kusan minti biyar.

"Bayan tafiyarku na sake saka kaset ɗin ni kaɗai. Na ce bari in ji ta ko zan samu sauƙi. Da Umma ta buɗe baki, dariyarki na ji. Na mayar baya sau uku, duk ɗaya. Da ban san mai dariyar ba, ina iya toshe kunne. Yanzu na san ta, kuma ina son ta."

Sai na ƙarshe ya shigo.

"Ban ce na fasa ba. Amma ke da kika iya yanka da haɗawa, ki faɗa min yadda zan cire muryarki daga kan tata."